Ciwon Cikin Doki: Lissafin da Ya Kamata Mai Barga a Damagaram Ya Yi Tun da Wuri

Cikin dawakai goma da ciwon ciki ya kama, wajen tara suna tashi da allura da ruwa da jinya, ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Na goman shi ne wanda hanjinsa ya murɗe, ko ya faɗa inda bai kamata ba ya shaƙe, ko ya toshe irin toshewar da babu maganin da zai buɗe ta. Shi wannan, in ba a tsaga cikinsa cikin 'yan sa'o'i ba, ya tafi ke nan. Mai irin wannan doki a Faransa ko Ingila yana da asibitin da zai nufa ko da tsakar dare ne, abin da ya rage masa kawai ya duba aljihunsa. Mai doki a Birni ko Zango a cikin Zinder, ko can Mirriya da Magariya da Matamai, lissafinsa dabam ne, kuma gara ya yi shi yau, dokin na tsaye a turke yana tauna harawa, da ya yi shi cikin ruɗani dabba na birgima a gabansa.

Damagaram ba ta taɓa ɗaukar doki abin wasa ba. Da dawakai Sarki Tanimun, wanda ya riƙe ƙasar har 1884, ya faɗaɗa mulkinsa, da su kuma Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano a 1898. Yau yaƙi ya wuce, saura hawan Sallah a ƙofar fada, da sukuwa, da rakiyar ango. Amma sai ka ga mutum ya sayi sirdi da jalala da likkafa na kuɗi masu nauyi, alhali ko lambar likitan dabbobi guda babu a wayarsa. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Halittar cikin doki

Doki ba ya amai. Ƙofar tumbinsa ta shiga ce kawai, abin da ya wuce ta ba ya dawowa ta baki. Tumbin kansa ƙarami ne ga girman dabbar, abin da yake ɗauka lita 8 zuwa 15, bai kai jarka guda ba. Bayansa akwai ƙaramin hanji mai tsawon mita 20 ko fiye, sannan babban hanji inda ciyawa ke narkewa. Babban hanjin nan a ninke yake gida biyu, yawancinsa ba a ɗaure yake da komai ba, kuma akwai inda yake lanƙwasa ya tsuke sosai. A wannan lanƙwasar busasshen abinci ya fi cushewa. Da yake kuma a sake yake, in iska ta cika shi yana iya tashi daga mazauninsa ya juya.

Allah ya halicci wannan ciki ne don dabbar da ke yawo tana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan dare da rana. Mu kuwa muka ɗaure ta a turke muna zuba mata hatsi safe da yamma. Yawancin ciwon ciki daga nan yake tasowa.

Nawa aikin yake ci

Tiyatar cikin doki ba ɗinkin rauni ba ce da za a yi a gindin bishiya. Sai an sa dabbar barci gaba ɗaya, a ɗaure ƙafafunta, a ɗaga ta da ƙugiya da sarƙa a kwantar da ita rigingine a kan tebur na musamman, a zura mata bututun numfashi, wani likita na zaune a kanta yana lura da zuciyarta har a gama. Mai fiɗa zai tsaga tsakiyar cikin daga cibiya ya yi gaba, ya zaro hanji yana binsa taƙi-taƙi har ya kai inda matsalar take. In murɗewa ce ya warware. In cushewa ce ya tsaga, ya wanke, ya ɗinke. In kuwa wani yanki ya riga ya mutu ya yi baƙi, sai ya yanke shi ya haɗa bakunan biyu. Aikin yakan ɗauki sa'a biyu zuwa huɗu, da mutum huɗu ko biyar a kai. Tashi daga barcin ma haɗari ne, domin doki in ya farka a gigice yakan yunƙura ya karya ƙafa, shi ya sa ake kai shi ɗaki mai katifa a ƙasa da bango. Daga nan sai kwana biyar zuwa goma a asibiti, ana ƙara masa ruwa ta jijiya lita gommai kullum, ga magunguna. In ya koma gida, wata uku ke nan ba sirdi.

A Faransa da wuya aikin da jinyarsa su kasa Yuro 4,000, in an yanke hanji ko ɗinkin ya ruɓa kuma yakan kai ninkin haka. A Amurka dala 10,000 ba abin mamaki ba ce. Da yake Yuro guda kusan sefa 656 ne, aikin Yuro 5,000 ya kama sefa miliyan 3 da jikka 280. Kowa ya san dawakai nawa wannan kuɗi zai saya a kasuwa. Can ɗin ma ba kowa ke iya biya ba. Masu hali suna sa wa dawakinsu inshora suna biya shekara-shekara, waɗanda ba su da ita kuwa da yawansu cewa suke yi a hutar da dabbar. Biyan kuɗin kuma ba ya sayen rai. Akwai dokin da ana buɗe cikinsa za a ga hanji ya riga ya lalace, ba za a tashe shi ba. Cikin waɗanda suka tashi, wajen takwas cikin goma ne ke komawa gida, wasunsu kuma ciwon yakan dawo musu daga baya.

Ko da kuɗin na hannu, akwai hanya. Hanjin da jini ya daina kai masa cikin sa'o'i kaɗan yake fara mutuwa. Daga Zinder zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. Tsofaffin asibitocin koyar da likitancin dabbobi na wannan yanki suna Najeriya: na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Zuwa Kano ta Matamai da Daura wajen kilomita 240 ne, daga Kano zuwa Zariya a ƙara wajen 150. Sai an nemo mota, an loda dabbar da ke faɗuwa tana tashi, an tsallake iyaka da takardu, iyakar da aka rufe a 2019 aka kuma sake rufewa a 2023. Wanda dokinsa ke da tsadar da har yake tunanin wannan hanya, ya buga waya tun yanzu ya ji ko akwai tebur da mai sa barci da za su karɓe shi cikin dare, da kuma nawa zai ajiye. In ya bari sai ranar, a bayan mota dokin zai cika, bayan ya sha wahalar da bai kamata ya sha ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga inda na tsaya: ga kusan kowane mai doki a Damagaram, na goman nan ba ya cetuwa. Kuɗi da hankali su tafi wajen taran, da wajen hana ɗayansu komawa na goma. Cushewar da aka gano da safe tiyon hanci da ruwa ne ke warware ta, wadda aka yi wa sakaci kwana biyu kuwa tana iya zama wadda sai wuƙa.

Sa'ar farko

Ɗan barga ne ke fara gani, in yana da ido. Doki ya bar gero a komi. Yana waiwayen kwiɓinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana ɗage leɓen sama, yana kai wa cikinsa shuri. Ya kwanta ya tashi, ya sake kwantawa. Ya miƙe ƙafafu kamar zai yi fitsari, amma ko ya yi sai ɗan ɗigo. Kashi ya ragu, ko ya fito ƙanana busassu da yauƙi a jikinsu. In abin ya tsananta sai gumi da birgima da jefa kai ƙasa.

Kada yaro ya ji nauyin tashin maigida. A gaya masa tun ranar da aka ɗauke shi aiki, ko ƙarfe biyun dare ne ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, “Alhaji, a yi mini afuwa, Akawal ya ƙi cin abinci, sai kallon cikinsa yake yi.” Jiran wayewar gari ya sha cin dokin da da an ceto shi.

A fara kwashe abinci duka daga gabansa, har da harawar da ta zube ƙasa. Sannan a auna shi kafin a ba shi komai, domin abin da aka auna shi likita zai tambaya a waya.

Sa yatsu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta ciki, daidai inda ƙashin ya fara lanƙwasa gaban kumatu. Za ka ji wata jijiya tana mirginawa ƙarƙashin yatsanka. Danna ta a hankali a jikin ƙashin har ka ji bugu, ka ƙirga na daƙiƙa 15 da agogon waya, ka ninka sau huɗu. In ta ƙi samuwa, manna kunne a bayan hammatar hagu, inda majayi ke bi. Lafiyayyen dokin da ke hutawa zuciyarsa na bugawa 28 zuwa 44 a minti. In ta kai 50 akwai ciwo na gaske. In ta haura 60 tana kuma ƙaruwa, abu ya yi nisa. Ɗaga leɓen sama ka dubi dasashi. Na lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. Danna da babban yatsa har wurin ya yi fari, ka ɗauke, ya kamata jini ya dawo kafin ka ƙirga biyu. Dasashi busasshe, ko ja wur, ko mai shuɗi-shuɗi a gindin haƙora, mummunar alama ce. Sai ka sa kunne a kwiɓi, sama da ƙasa, dama da hagu, minti guda a kowane wuri. Ciki mai lafiya kullum yana ƙugi, shiru tsit a duk wuraren huɗu kuwa abin tsoro ne. In akwai ma'aunin zafi a sa ta dubura, 37.5 zuwa 38.5 shi ne daidai. Ka gwada duk wannan a kan dokinka yana lafiya, sau da yawa, har hannunka ya san inda jijiyar take ko cikin duhu.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Dawakinmu na hawa galibi ingarmu ne da ba a dandaƙe ba, kuma hanjin ingarma yana iya zurarowa ta matsematsi ya faɗa jakar maraina ya shaƙe, musamman bayan sukuwa ko barbara. Duk ingarman da ke ciwon ciki a shafa marainansa. In ɗaya ya kumbura, ya yi tauri da sanyi, a faɗa wa likita nan take.

Ana iya jan dokin da ragama a taka a hankali minti goma ko sha biyar, a huta, yakan taimaka wa iska ta fita. In ya kwanta shiru a ƙyale shi. In yana birgima a fitar da shi fili mai laushi nesa da bango da turke, mutane su ja baya. Hawansa a yi sukuwa wai don ciki ya motsa zalunci ne, kuma yana ƙone ɗan ruwan da ya rage masa a jiki. In ciwon bai tsananta ba a bar shi ya kurɓi ruwa kaɗan. In gumi yake yi, ko wani ruwa mai wari na fita ta hanci, kada a ba shi komai.

Babban kuskuren da ake yi a wannan sa'a shi ne ɗura. A ɗaga kan doki sama, a ja harshe gefe, a cusa kwalba a tuttula man gyaɗa ko ruwan kanwa ko jiƙon sassaƙe. Dokin da ke cikin azaba ba ya haɗiya da kyau, sai abin ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu. Mai in ya shiga huhu ba ya fita, man farafin kuma ya fi muni, don ba shi da ɗanɗanon da zai sa doki ya haɗiye ko ya yi tari. Sai ciwon ciki ya lafa, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da sarƙewar numfashi su kashe shi. In kuma tumbi ya riga ya cika da ruwan da ya dawo daga hanji, ƙarin abin da aka ɗura na iya fasa shi. Ƙaunar dabbar ce ke sa a yi ɗuran, ban musa ba. Amma duk abin da za a ɗura wa doki mai ciwon ciki ta tiyo zai shiga, kuma hannun da ya koya ne zai zura tiyon. Kanwa tana da gurbinta a kiwon doki, sai dai ba ta buɗe hanjin da ya toshe.

Haka nan allurar sa fitsari. Miƙewar nan da doki ke yi ce ke sa a ce fitsari ne ya ƙi fita, alhali da wuya ƙwarai hakan ya kasance, ciwon hanji ne ke sa shi wannan tsayuwa. Allurar tatse ruwan jikinsa take yi, abin da ya cushe ya ƙara bushewa.

Maganin rage zafi da aka rubuta flunixine a kwalinsa, wanda ake sayarwa da suna Finadyne, yana da amfani sosai, amma yana rufe alamu. A ba da shi bayan an gama awo, da umarnin likita, ta jijiya ko ta baki. In aka soka shi a tsoka yana iya haddasa ruɓar nama mai kisa, kuma ba a maimaita shi kafin sa'a 12. In an yi allurar, bayan sa'a guda ko biyu ciwo ya dawo kamar ba a yi ba, wannan ma bayani ne, mai yiwuwa na goman ne. A sayi magani a kantin magungunan dabbobi mai izini, kada a ɗauko wanda ya yini cikin rana a faranti.

Abin da likita zai yi

Da yawa daga likitocin dabbobi na Nijar a makarantar likitancin dabbobi ta Dakar da aka kafa a 1968 suka yi karatu, kuma ban da na ma'aikatar kiwo akwai masu zaman kansu da ke aiki da mataimaka a ƙauyuka. Yawan aikinsu a kan shanu da tumaki da raƙuma yake, saboda haka ka nemi wanda ya saba da doki kuma yana da tiyon hanci, ku san juna tun kafin buƙata ta taso.

Zai zura tiyon ta hanci har tumbi. In ruwa ya kwararo fiye da lita biyu, akwai toshewa a gaba, kuma fitar da ruwan kaɗai na iya hana tumbi fashewa. In bai fito ba, sai ya zuba ruwa mai gishiri lita huɗu zuwa shida, da man farafin ko gishirin sa zawo, ya maimaita bayan 'yan sa'o'i. Zai sa doguwar safa ya zura hannu ta dubura ya laluba ya ji ko cushewa ce ko hanji ne ya bar wurinsa. Wannan aikinsa ne shi kaɗai, domin hannun da bai iya ba yakan yaga dubura, yagewar kuma kisa take yi. In jiki ya bushe ƙwarai sai ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, kuma nan ne jinyar gida ta fi cin kuɗi, don lita goma a wurin doki somin taɓi ne. Cushewa takan yi kwana biyu ko uku kafin ta warware. Ba abinci sai kashi ya fito sosai, sannan ɗanyen haki kaɗan, sai harawa mai laushi, hatsi kuwa sai bayan kwanaki. Duk tsadar wannan jinya, ɗan ɓangare ne kaɗan na kuɗin tiyata.

Inda ya kamata kuɗin su tafi

Ruwa ne kan gaba. Doki na shan lita 25 zuwa 40 kullum, a Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, mai aiki yana iya wuce haka nesa. Kowa ya san halin ruwa a Zinder. Famfo ya ɗauke, jarka ta yi tsada wajen 'yan garuwa, gida ya shiga tsimi, dabba ce kuma ake fara rage wa. Bokiti guda safe da yamma a kan busasshen karan gero hanya ce miƙaƙƙiya zuwa cushewa. Wanda ba zai iya jarka biyu kullum don doki ba, bai kai riƙon doki ba tukuna. A hunturu matsalar juyawa take yi: ruwan da ya kwana a waje ya yi sanyi, doki ya ƙi sha. A surka masa da ɗumi, a kuma ajiye kantun gishirin Bilma a barga yana lasa, lasar na sa shi neman ruwa.

Sai rairayi, wanda ƙasarmu ba ta rasa shi. Dokin da ake zuba wa dusa da harawa a ƙasa yana haɗiyar rairayi kullum, haka ma wanda ke tuge gajeren haki da saiwarsa a farkon damina. Rairayin yana kwanciya a ƙasan babban hanji yana taruwa, ya sa zawo da rama, wata rana ya toshe hanyar. Gwajinsa ba ya cin ko dala. Ɗebi dunƙulen kashi biyar ko shida daga sama, waɗanda ba su taɓa ƙasa ba, ka zuba a farar leda, ka cika da ruwa, ka murtsuke har su narke. Rataye ledar a karkace yadda kusurwa ɗaya za ta zama ƙasa, ka ba ta kwata ko rabin sa'a, sannan ka murza kusurwar tsakanin yatsunka. In ka ji rairayi ya kai cikin ƙaramin cokali, akwai shi da yawa a cikin dabbar. Rashin samunsa sau ɗaya ba ya wanke doki, a sake gwadawa wata rana. Rabin durom ko tsohuwar taya mai gindi ta isa komi, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta don abin da ya zube.

Lokacin da na fi tsoro shi ne gabanin Sallah. Doki ya yi watanni a turke yana cin kara da ɗan dusa. Hawa ya matso, maigida na son ya fito da ƙiba da sheƙi, sai a fara zuba gero tiya-tiya. Hatsin da tumbi da ƙaramin hanji suka kasa narkarwa sai ya gangara babban hanji, ya yi tsami, ya tara iska. Abin da ke biyo baya kumburi ne, ko juyawar hanji, ko ciwon cikin kofato da ke gurgunta doki. Ranar hawa kuma a ɗora masa kaya masu nauyi ya yini cikin rana ba ruwa. Dokinmu na gida, mai nauyin kilo 300 zuwa 350, kada hatsin ci guda ya wuce masa rabin tiya, kuma gara a raba sau uku. Harawa da ciyawa su kai kilo biyar ko shida a yini, a ba shi su kafin hatsi. Duk wani canjin abinci, har da shiga sabon haki, a yi shi kaɗan-kaɗan cikin kwana goma zuwa mako biyu. Kilisa ta fara wata guda kafin Sallah, kullum. Ranar hawa yaro ya bi da ruwa, in an sauko a kwance sirdi, a zagaya da dokin har numfashinsa ya daidaita, ya sha, ya ci harawa, hatsi sai can daga baya. Harawar da ruwan sama ya daka a kan rufi ta yi hunhuna a zubar da ita, kome tsadarta.

Tsutsar ciki ma tana da nata rabon. Akwai wadda 'ya'yanta ke shiga jijiyar da ke kai wa hanji jini su toshe ta, maganin da aka rubuta ivermectine yana kashe ta. Tsila kuwa ba ya taɓa ta, sai praziquantel. A ba da magani daidai nauyin dabba, a kuma riƙa kwashe kashi daga barga kullum. A yi hattara da dukushi mai tumbi da gashi a tsaye: in macizan ciki sun cika masa hanji aka kashe su lokaci guda, gawarwakinsu na iya toshe shi. Likita ne zai zaɓa masa magani mai aiki a hankali.

Abubuwa biyu da ke yawo a gidajen kiwo guba ne ga doki. Maganin kaska na shanu mai ɗauke da amitraz, in aka wanke doki da shi, yana tsayar da motsin hanji ya jawo cushewa mai tsanani. Abincin kaji na kamfani kuma wani yana da monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. A karanta kwali, a kulle rumbu. Leda ita ma, duk da dokar hana ta da aka yi a Nijar a 2014, tana nan a kan juji, ita da zaren buhu, kuma ba sa narkewa a hanji. Tsohon dokin da ke tauna harawa yana zubar da ita a dunƙule, haƙoransa ne suka yi kaifi, a kira likita ya goge masa su.

Inshorar doki ba ta cikin al'adarmu, amma adashi yana ciki. Masu barga biyar ko goma na unguwa guda suna iya zuba wani abu kowane wata a asusu, su sayi tiyon hanci da man farafin da ledojin ƙarin ruwa a ajiye wuri ɗaya, su kuma yi magana da likita guda cewa zai amsa waya ko da dare, kuɗin mai da na aikinsa na ajiye.

In na goman ne

Alamominsa ba sa ɓuya. Ciwo ya ƙi jin allura, zuciya ta haura 80, dasashi ya yi shuɗi, ciki ya kumbura, ruwa na ta dawowa ta tiyo. Wani lokaci dokin da ya kwana yana birgima sai ya miƙe ya tsaya shiru, a ɗauka sauƙi ya samu. A duba shi da kyau. In jikinsa na rawa, gumi mai sanyi na zuba, zuciya na gudu, to tumbi ne ko hanji ya fashe, saura sa'o'i.

A nan maigida ya tambayi likita kai tsaye, “Likita, don Allah gaya mini gaskiya, akwai sauran dabara?” In ya ce babu, barin dabbar tana dukan kanta da ƙasa har ta mutu ba tausayi ba ne. Malaman Malikiyya sun halatta yanka dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa tun yanzu. In da allura aka hutar da ita, a binne gawar da zurfi, domin maganin na kashe karen da ya ci naman da ungulu.

Kafin a binne, a roƙi likita ya buɗe cikin. Sauran dawakin bargar abinci ɗaya suke ci da wanda ya mutu, ruwa ɗaya suke sha. In rairayi aka tarar ko leda ko tsutsa ko busasshen kara, an san abin da za a gyara washegari. Sai dai in dokin ya yi zazzaɓi mai zafi, wuya ko ƙirji ya kumbura, ko baƙin jini na fita ta hanci da dubura bayan ya mutu, kada kowa ya sa masa wuƙa. Cutar saifa takan zo wa doki da kamannin ciwon ciki, tana kama mutum, kuma jinin da ya zuba yana gurɓata ƙasar wurin shekaru. A kira ma'aikatar kiwo, a nisanta yara da sauran dabbobi har su iso.